Zaman Jiran Hauni: Wasa, Tarbiyya da Hidimar Ɓoye a Ɗakin 'Yan Kondam

Tsakanin ranar da alƙali ya yanke wa mutum hukuncin kisa da ranar da za a zartar da hukuncin akwai wani dogon zama wanda jama'a ba su cika tunawa da shi ba, domin da zarar an fito da mai laifi daga kotu an tura shi cikin mota, labarinsa ya ƙare a rediyo da majalisun hira, alhali shi a wurinsa ran nan ne wata rayuwa ta daban take farawa. Masu wannan zama su ne gandirobobi da fursunoni suke kira 'yan kondam, kalmar da aka aro daga Turanci don nufin wanda shari'a ta riga ta yanke wa mutuwa. Yawansu a Najeriya ya haura 3,000 a 'yan shekarun nan, kuma babu wata ƙasa a Afirka kudu da Sahara da take riƙe da irin wannan adadi.

Dalilin taruwarsu shi ne cewa hukuncin kotu kaɗai ba ya isa a miƙa mutum ga hauni, wato jami'in da ke zartar da kisa, sunan da Hausa ta gada tun zamanin da sarakuna ke riƙe da shari'a. Sai an ƙare ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli idan mai laifin ya nema, sannan gwamnan jiha ya sa hannu a takardar zartarwa, kuma tun komawa mulkin farar hula a 1999 gwamnoni kaɗan ne suka yarda hannunsu ya taɓa wannan takarda. An rataye Sani Yakubu Rodi a gidan yarin Kaduna a watan Janairun 2002 bayan kotun shari'ar Musulunci ta Katsina ta same shi da laifin kisa. A ƙarshen 2007 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton cewa an rataye aƙalla mutum bakwai da kotunan Kano suka yanke wa hukunci, bayan an rarraba su zuwa gidajen yarin Kaduna da Jos da Inugu. Jihar Edo ta zartar a kan mutum huɗu a 2013 da wasu uku a watan Disamban 2016, daga nan kuma ba a sake sanar da wani rataya a ƙasar ba. Abin da wannan lissafi yake nunawa shi ne mafi yawan 'yan kondam za su tsufa a ɗaure, wasu ciwo zai ɗauke su, wasu kuma wata rana za a buɗe musu ƙofa su koma cikin mutane, saboda haka tambayar abin da suke zama a cikin waɗannan shekaru ta shafi kowa.

Tambayar ta fi nauyi idan aka dube ta daga karkarar arewacin Kano, ƙasar Dawakin Tofa da Bichi da Minjibir da Dambatta da Makoɗa da Kunci, har zuwa Gezawa da Gabasawa ta gabas. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bayyana kewayen Kano a matsayin yanki mai cunkoson zama, inda gona ke manne da gona, babu saura babu daji, ana shuka gero da dawa da gyaɗa da wake a ƙasa ɗaya kowace damina, kuma abin da ke riƙe da ƙarfinta shi ne takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kawowa a mangala. A irin wannan wuri layin gamba da ya raba gonaki biyu yana da daraja kamar katanga, gonar gado kuma tana ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba ta tsakanin 'ya'ya. Rigimar iyaka da ta gado na iya kwanciya shekaru sannan ta tashi a rana ɗaya. Jama'ar Gezawa ba za su manta da asubahin 15 ga Mayun 2024 ba, lokacin da wani matashi ya cinna wa masallaci wuta a Larabar Abasawa mutane suna cikin salla, fiye da mutum 20 suka rasu, shi kuma ya danganta abin da ya aikata da rikicin rabon gado, kafin babbar kotun shari'ar Musulunci ta yanke masa hukuncin kisa a 2025. Duk wanda zai yi magana a kan jin daɗin 'yan kondam wajibi ne ya fara ajiye irin waɗannan gawarwaki a gabansa, domin marayu da zawarawan da aka bari su ma suna wani zaman jira da babu ranar ƙarewarsa.

Matashin da ya tashi a wannan karkara ya saba da sarari da aiki, lokacinsa kuma damina da kaka da rani ne suke auna shi: shuka, noman fari, maimai, girbi, sannan cin rani a birni. Ranar da aka rufe shi a ɗakin kondam duk waɗannan ma'aunai sun ɓace. Gidan yarin Kurmawa da ke kusa da fadar Sarkin Kano Turawan mulkin mallaka ne suka gina shi a 1910 don jama'ar da ba ta kai ta yau ba, kuma shi da na Goron Dutse sun daɗe suna ɗauke da fiye da ƙarfinsu, galibi saboda masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin ƙasar. 'Yan kondam ana ware su daga sauran fursunoni, a tsaurara tsaronsu, a rage fitarsu. A ɗakin da ya cika, bargo ne iyakar mallakar mutum, bokiti a kusurwa shi ne makewayin dare, taga ƙarama ce can sama, kuma a watannin bazara zafin jiki da na bango sukan haɗu har numfashi ya yi nauyi. Hannun da ya yi kanta da fartanya sai ya wayi gari babu abin riƙewa, kunne kuma ya koma sauraron ƙarar makulli da takun gandiroba, domin kowane buɗe ƙofa da ba a saba da shi ba na iya zama na ƙarshe. Likitocin ƙwaƙwalwa da lauyoyi sun daɗe da sanin illar wannan zullumi, wanda ke jawo rashin barci da firgita da yanke ƙauna, wani lokaci har taɓin hankali.

A watan Disamban 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sabunta ƙa'idojin kula da fursunoni, ta sa musu sunan Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 23 ta tanadi cewa duk fursunan da ba ya aiki a waje a ba shi aƙalla awa ɗaya kowace rana ya motsa jiki a sarari idan yanayi ya bari, kuma ba ta cire wanda ke jiran kisa ba. Awa ɗaya cikin 24 kaɗan ce, sai dai yadda ake cika ta shi ne ke raba gidan yarin da ke lalata mutum da wanda ke barinsa da sauran mutunci.

A nan ne ƙwallon kwando take shigowa. Wasan, wanda James Naismith ya ƙirƙiro a 1891 a garin Springfield na Amurka don ɗalibai su samu abin yi a cikin ɗaki lokacin sanyi, tun asalinsa an yi shi ne don wuri mai ƙunci. Cikakken filinsa mita 28 ne a tsawo da 15 a faɗi, kwandon yana rataye a tsayin mita 3.05, kuma akwai nau'in da ake bugawa uku da uku a rabin fili da kwando ɗaya, wanda ya shiga wasannin Olamfik na Tokyo. Filin ƙwallon ƙafa kuwa yana neman kusan mita 105 da 68, abin da tsakar gidan yarin da ke tsakiyar birni ba ta da shi. Kwando kuma abu ne da ake yawan gani a farfajiyar gidajen yarin Amurka. A babban gidan yarin Raleigh da ke Jihar Karolina ta Arewa, inda ba a sake zartar da kisa ba tun 2006, 'yan kondam sun riƙa shirya gasar ƙwallon kwando ta shekara-shekara a tsakaninsu, kamar yadda ɗaya daga cikinsu, Lyle May, ya bayyana a wani rubutu da aka buga a 2017. Halin da suke ciki ya yi kama da na takwarorinsu na Najeriya, wato hukunci yana nan amma zartarwa ta tsaya, kuma a ranar ƙarshe ta 2024 Gwamna Roy Cooper ya mayar da hukuncin 15 daga cikinsu zuwa ɗaurin rai da rai.

Amfanin wasan ya wuce zufa da gajiyar da ke kawo barci, ko da yake wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda dare ke yi wa tsawo. Gasa tana mayar wa mutum da kalanda, domin wanda ke da wasa ranar Laraba yana da dalilin sanin Talata. Tana kuma tilasta wa mazan da wasunsu fushin minti ɗaya ne ya kawo su nan su koyi karɓar hukunci, saboda a ƙwallon kwando jiki na gogar jiki, ana ture mutum ana buge masa hannu, alƙalin wasa kuma ɗan'uwansu ne fursuna wanda ba shi da sanda ba shi da makulli, sai yardar da suka ba shi. Wanda aka yi wa ƙeta ya haɗiye, ya tsaya a layi ya jefa ƙwallonsa, ya yi abin da ya kasa yi a bakin iyakar gona. Afirka ma ta san wannan. Fursunonin siyasa na tsibirin Robben a Afirka ta Kudu sun kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Makana a shekarun 1960 da tsarin mulkinta da alƙalanta da kwamitin ladabtarwa, gidan yarin Luzira na Kampala kuma ya yi suna da gasar ƙwallon ƙafa da fursunoni ke tafiyarwa da kansu. Kano ba baƙuwar ƙwallon kwando ba ce, tun da ƙungiyar Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin ƙasa, kuma 'yan wasanta na atisaye a Ƙofar Mata, tafiya kaɗan daga Kurmawa. Ɗan ƙauyen da ya tashi da langa da kokawa da dambe a dandali bayan girbi ya riga ya san ma'anar fili da doka da 'yan kallo, sauran koyon riƙe ƙwallo ne kawai.

Sai dai wasa awa ɗaya ne, sauran awa 23 kuwa a hannun mazauna ɗakin suke. Kowane babban ɗaki a gidajen yarin Najeriya yana da shugabancinsa na cikin gida, da wanda ke raba wurin kwanciya da wanda ke tsara shara da wanda ke sasanta faɗa, kuma wannan tsari na iya zama zalunci idan ya faɗa hannun azzalumi, inda sabon shiga zai kwana kusa da bokiti har sai ya biya. Ƙa'ida ta 40 ta Mandela ta hana a ba fursuna ikon hukunta ɗan'uwansa, amma ta bar ƙofa a buɗe ga tsarin da fursunoni ke tafiyar da karatu da wasa da zamantakewa a ƙarƙashin kulawar hukuma. Bambancin yana ga irin mutumin da ya zama babba. A ɗakin kondam wanda ya shekara 15 ya ga shigowar mutane da yawa, ya san makon farko da sabon shiga ke ƙin abinci yana fuskantar bango, ya san lokacin da ake ƙyale shi da lokacin da ake zama kusa da shi ba tare da an ce uffan ba, kuma shi ne zai fara gaya masa cewa akwai wa'adin shigar da ɗaukaka ƙara, kada ya bari ya wuce yana kuka.

Musulmin Kano ba ya buƙatar a kawo masa misalin wannan daga nesa, domin ƙissar Annabi Yusuf tana bakinsa tun yana yaro. A kurkuku abokan zamansa biyu suka lura da kyautatawarsa suka kawo masa mafarkansu, shi kuma kafin ya fassara sai da ya karantar da su tauhidi, alhali ɗaya daga cikinsu kisa ne ke jiransa. Shi ya sa malamai ke kiran kurkuku makarantar Annabi Yusuf. Karkarar Kano ƙasar makarantun allo ce, kuma da wuya a tara mazanta 20 a rasa wanda ya yi gardanci ko ya sauke, don haka ɗakin da ya samu alaramma a cikinsa yakan koma tsangaya, ana biya wa wannan, ana karɓar haddar wancan, ana tilawa bayan asuba. Wanda ya taɓa makarantar boko shi ke koya wa sauran baƙi da wasali da lissafi. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, tana da cibiyoyi a gidajen yari da dama inda fursunoni ke karatu kyauta, kuma tsanin da ke kai mutum can yakan fara ne daga ɗan'uwan da ya riƙe masa hannu ya rubuta sunansa.

Misalai biyu daga waje sun nuna inda irin wannan ke iya kaiwa. Anthony Ray Hinton ya yi kusan shekara 30 yana jiran kisa a Jihar Alabama kan laifin da bai aikata ba, ya kafa ƙungiyar karatun littattafai a tsakanin 'yan kondam na gidan yarin Holman, aka sake shi a 2015. Susan Kigula ta Yuganda, wadda aka yanke wa kisa a 2002, ta buɗe makaranta ga mata 'yan'uwanta a Luzira, ta jagoranci ƙarar da fursunoni fiye da 400 suka shigar, har Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 2009 cewa tilasta wa alƙali yanke kisa ba tare da duba uzuri ba ya saɓa wa tsarin mulki, kuma wanda ya wuce shekara uku yana jira bayan tabbatar da hukuncinsa a mayar masa da shi ɗauri. Ta samu digirin lauya na Jami'ar Landan tana ɗaure, ta fito a 2016.

Mafi yawan hidimar da ke riƙe da ɗakin kondam ba ta kai girman waɗannan ba, kuma ba ta da mai ba da labarinta. Kuɗin ciyar da fursuna ɗaya a rana naira 750 ne kafin a ɗaga shi zuwa 1,125 a 2024, kuma duk wanda ya san farashin kwanon masara ya san irin gabzar da wannan kuɗi zai dafa, wato abincin gidan yari kamar yadda mazaunansa ke kiransa. Abin da ke cike giɓin shi ne ziyara. Uwa takan taso daga ƙauyen Kunci ko Makoɗa tun da duku-duku, ta sayar da tiyar gero ko 'yar akuya ta yi kuɗin mota, ta ƙullo ƙuli-ƙuli da garin kwaki da yaji da sabulu a bakin zane, ta tsaya a layi a bincike kayan, a sa ta ɗanɗana abincin a gaban gandiroba kafin a karɓa, duk don ganawar 'yan mintuna. Shekara ta farko ana zuwa, ta biyar ƙafa ta ɗauke, domin iyaye sun tsufa, mata ta nemi saki ta yi wani aure, 'yan'uwa kuma kunya ta hana su, musamman idan wanda aka kashe ɗan dangi ne. Wanda har yanzu ake ziyarta shi ke buɗe ƙullinsa ya gutsura wa wanda aka manta. Wani ke wanke wa mai ciwo kaya, ya yi masa fifita da kwali cikin dare, ya buga ƙofa ya yi ta kiran gandiroba har a kai shi asibitin gidan. Wani ke rubuta wa wanda bai iya rubutu ba wasiƙa zuwa ga lauya ko ga ɗan da ya bari a goye. Ɗabi'ar gayya ce, wadda ƙauye ke taruwa ya nome gonar marar lafiya, ta biyo mutanenta har bayan katanga, kuma darajarta a nan ta fi girma saboda mai yin ta ba ya sa ran komai daga wanda ya yi wa.

Akwai masu ganin cewa wanda ya zubar da jini bai cancanci ƙwallo ko allo ba, kuma zafin da ke bayan wannan ra'ayi gaskiya ne. Amma kotu kisa ta yanke, ba ta yanke haukatarwa ba, kuma shari'ar da jama'ar Kano suka zaɓa a 2000 ita kanta ta bar wa canji hanya. A hukuncin ƙisasi, wato ramuwar rai da rai, haƙƙin yana hannun waliyyan jini, magadan mamaci, waɗanda ke da ikon su nemi kisa ko su karɓi diyya ko su yafe, kuma a mazhabar Malikiyya wanda aka yafe wa ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya, in ban da kisan gilla, wato wanda aka yi ta hanyar yaudara, da malaman mazhabar suka ce yafiyar magada ba ta kankare shi. Sashe na 212 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon afuwa bayan shawarar kwamitin jiha, sannan dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba Babban Jojin jiha damar mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai da rai idan mutum ya ƙare ɗaukaka ƙara kuma shekara 10 suka wuce ba a zartar ba. Duk waɗannan masu iko, daga dattijon ƙauye da aka zo roƙo har Babban Joji, tambaya ɗaya suke da ita: wane ne wannan mutum a yau? Fayil ɗinsa yana ɗauke da ranar laifinsa dalla-dalla, amma ba safai yake ɗauke da sunayen waɗanda ya saukar wa Alƙur'ani ko dararen da ya kwana a kan majinyaci ba, kuma wannan rashi ne da ya kamata jami'an walwala na gidajen yari su cike, saboda adalci ga fursunan da kuma kariya ga jama'ar da za a mayar musu da shi.

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya fitar da gidajen yari daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ta yadda jihohi ma za su iya kafawa da tafiyar da nasu, kuma a shekarar ce aka buɗe sabon gidan gyaran hali na Janguza a yammacin birnin Kano, wanda aka gina don mutum 3,000. Sabon gini yana da sararin da Kurmawa ba ta da shi, amma sarari ba ya amfanar wanda ba a buɗe wa ƙofa ba, don haka abin dubawa shi ne ko jadawalin fita farfajiya zai haɗa da ɓangaren 'yan kondam, kuma ko za a samu isassun gandirobobin da za su tsaya a kansu. Filin ƙwallon kwando na uku da uku daɓen siminti ne na mita 15 da 11, da ƙarfe ɗaya da allon katako da zobe, aikin da magina da masu walda daga cikin fursunonin kansu za su iya gamawa kafin damina ta sauka, idan aka kawo musu siminti da rodi.